Ayrton Senna: Direban da duniya ta fara gane ko wane ne shi a lungunan Makau

A ranar Lahadi 20 ga Nuwamban 1983, an rufe manyan titunan Makau, ɗan ƙaramin yankin da ke gaɓar teku a kudancin China, wanda a lokacin yake hannun Turawan Fotugal. An yi hakan ne domin gasar tseren motoci ta shekara-shekara, karo na 30.

A cikin direbobin da suka jeru a layin tashi akwai wani matashi ɗan Birazil mai shekara 23, wanda bai taɓa taka wannan titi ba sai a makon. Ya iso garin a makare, a gajiye, daga Faransa inda ya je gwajin wata mota. Duk da haka shi ya samu gurbin farko, kuma shi ya lashe tseren. Sunansa Ayrton Senna.

Yawancin mutane suna tuna Senna da kambun duniya uku da ya ci a gasar Formula 1, da rigimarsa da Alain Prost, da kuma mutuwarsa a Italiya a 1994. Amma wanda ke son fahimtar irin tuƙinsa, sai ya duba titunan cikin gari, inda katanga ke tsaye dama da hagu. Daga cikin nasarori 41 da ya samu a Formula 1, guda 13 a irin waɗannan tituna ya same su: shida a Monako, uku a Detroit, biyu a Phoenix, biyu a Adelaide.

Ɗan masu hali

An haifi Ayrton Senna da Silva ranar 21 ga Maris 1960 a birnin Sao Paulo. Mahaifinsa, Milton da Silva, attajiri ne mai masana'anta da gonaki, saboda haka labarinsa ba irin na 'yan ƙwallon Birazil da suka taso a unguwannin talakawa ba ne. Tseren mota sana'a ce mai cin kuɗi, kuma gidansu akwai su.

Yana ɗan shekara huɗu mahaifin ya haɗa masa wata 'yar ƙaramar motar wasa ta tsere, irin wadda ake kira kart, da injin na'urar yankan ciyawa. A shekara 13 ya fara shiga gasa. A 1977 ya zama zakaran Kudancin Amurka, sai dai kambun duniya na kart ya gagare shi, inda ya zo na biyu a 1979 da 1980. Wani Bature ɗan Birtaniya, Terry Fullerton, shi ne ya fi ba shi wahala a wancan zamani, kuma har bayan da Senna ya yi suna a duniya, Fullerton ɗin yake ambata a matsayin wanda ya fi jin daɗin karawa da shi.

A 1981 ya tafi Ingila, domin a can ne matakalar take. Tseren motoci masu kujera ɗaya hawa-hawa ne, kamar yadda ɗan ƙwallo ke bi ta ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta 'yan ƙasa da 20 kafin ya kai babbar ƙungiya. A wancan lokaci akan fara da Formula Ford, a wuce Formula 3, wasu su bi ta Formula 2, sannan mai rabo ya kai Formula 1. Motocin duk siffarsu ɗaya: mazaunin mutum ɗaya, ba rufi, tayoyi huɗu a fili. Ƙarfin inji ne ke ƙaruwa daga mataki zuwa mataki.

Senna ya lashe kambu biyu na Formula Ford a shekararsa ta farko, a motar kamfanin Van Diemen. Sai kuma ya ba kowa mamaki: ya ce ya bar tsere, ya tattara ya koma gida domin kama kasuwancin mahaifinsa. Iyayensa na son ya dawo, kuɗin ci gaba ba su samu yadda yake so ba, aurensa na ƙuruciya kuma yana tangal-tangal. Watanni kaɗan ya iya daurewa a ofis. A farkon 1982 ya koma Ingila shi kaɗai, ya ci kambun Birtaniya da na Turai a mataki na gaba.

A wannan tsakanin ne ya koma amfani da sunan dangin mahaifiyarsa, Senna, saboda da Silva suna ne da ya cika Birazil.

Shekarar Brundle

A 1983 ya shiga gasar Formula 3 ta Birtaniya tare da ƙungiyar West Surrey Racing, ƙarƙashin wani injiniya ɗan New Zealand, Dick Bennetts. Ya ci tsere tara na farko a jere, har aka ɗauka magana ta ƙare. Sai Martin Brundle, wanda ke tuƙa wa Eddie Jordan, ya farfaɗo ya fara cinye shi.

A nan wani hali na Senna ya fito wanda ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: bai iya zama na biyu ba. Maimakon ya lallaɓa ya tara maki, sai ya riƙa kutsawa inda babu hanya. A filin Oulton Park motarsa ta ƙare a kan ta Brundle. Tazarar makin da ya tara ta narke, har sai a tseren ƙarshe, a Thruxton, aka raba gardama.

A ranar an liƙe kafar da iska ke shiga ta sanyaya baƙin man injinsa da salatif, domin man ya yi saurin ɗaukar zafi. Da zafin ya kai, Senna ya sassauta bel ɗin kujerarsa yana cikin gudu, ya miƙa hannu ya fizge salatif ɗin. Ya ci tseren, ya ci kambun, da nasara 12 a kakar.

Abin da ya sa Makau ta bambanta

Filayen da Senna ya saba da su a Ingila, irin su Silverstone da Thruxton da Snetterton, tsofaffin filayen jirgin saman yaƙi ne. Suna da faɗi, kuma idan direba ya kuskure kwana, galibi ciyawa zai faɗa, ya juyo ya ci gaba.

Titin cikin gari ba haka yake ba. Hanya ce da motocin haya da bas-bas ke bi kullum, mai tudu da kwari, da fentin layi mai santsi, da murafun magudanar ruwa. Babu ciyawa, babu filin kuskure. Shingen ƙarfe ne ko bangon siminti, kuma mafi saurin hanya ita ce wadda ta fi kusa da bangon. Wanda ya bar taƙi ɗaya tsakaninsa da shi ya yi asarar lokaci. Wanda ya matsa fiye da kima ya karya ƙafar mota.

Zagayen Makau, wanda ake kira Guia, ya ɗan haura kilomita shida, kuma kamar hanyoyi biyu ne aka ɗinke. Kashin farko shimfiɗaɗɗen titi ne a gefen ruwa inda mota ke sakin gudu iya ƙarfinta, har zuwa wata kwana mai tsini a gaban otel ɗin Lisboa, inda ake yawan karo. Daga nan sai hanya ta haye dutse, ta shiga lunguna masu murɗewa tsakanin gidaje da katangu, direba ba ya ganin abin da ke bayan kwanar da ke gabansa. A kwanar Melco faɗin titin mita bakwai ne kacal, har doka ta hana wuce juna a wurin.

Wannan ya sa saita mota ke zama ciwon kai ga makanikai. Idan aka ƙara wa fukafukan motar kwana domin ta kama ƙasa a kan dutsen, za ta yi nauyin gudu a miƙaƙƙen titi, a wuce ta. Idan aka rage, za ta riƙa zamewa a tsakanin katangu.

An fara gasar tun 1954, amma 1983 ce shekarar farko da aka mayar da ita ta motocin Formula 3. Manufar ita ce a tara zakarun matasa daga Turai da Japan da sauran wurare, waɗanda ba sa haɗuwa a kakar wasa, a sa su a titi ɗaya da taya iri ɗaya ta kamfanin Yokohama. Injinansu duk lita biyu ne, an kuma taƙaita iskar da ke shiga cikinsu, don haka ƙarfinsu bai wuce na doki 160 da 'yan kai ba. Babu wanda zai fake da cewa motar wani ta fi tasa nesa ba kusa ba.

Wanda ya ɗauki nauyin zuwan Senna shi ne Teddy Yip, hamshaƙin ɗan kasuwa haifaffen Medan ta Indonesiya, mai hannun jari a gidajen caca da otel-otel na Makau, kuma mai ƙungiyar Theodore Racing. Yip ya sa motoci uku: ta Senna, ta Brundle, da ta Roberto Guerrero ɗan Kolombiya, wanda ya riga ya yi tsere a Formula 1, ya kuma san titin.

Turmi biyu aka yi, kowanne zagaye 15, aka haɗa lokutan. A turmin farko Guerrero ya riga shi tashi, amma kafin a gama zagayen farko Senna ya karɓe gaba, tun tayoyi ba su yi ɗumin kama ƙasa ba. Bai sake ba da ita ba. Ya ci turmi na biyu ma. Guerrero ya zo na biyu, wani ɗan Ostiriya mai suna Gerhard Berger ya zo na uku. Bayan shekara bakwai Berger ya zama abokin aikinsa a McLaren, kuma ɗaya daga cikin 'yan tsirarun aminansa a harkar.

Nasarar ta yi wa gasar kanta amfani kamar yadda ta yi wa Senna. Da tauraronsa ya haska, sai Makau ta zama wurin da kowane matashi ke son a gan shi. Michael Schumacher ya ci a 1990 bayan sun yi karo da Mika Hakkinen a zagayen ƙarshe, David Coulthard ya ci a 1991, Takuma Sato a 2001. A 1996 wanda ya ci shi ne Ralph Firman, ɗan mai kamfanin Van Diemen da ya fara bai wa Senna mota a Ingila. Haɗarin wurin kuma bai ragu ba: a 2018 motar Sophia Floersch, Bajamushiya 'yar shekara 17, ta tashi sama a kwanar Lisboa ta keta shinge. Ta karye a ƙashin baya, amma ta rayu har ta koma tsere.

Katangar da ta matsa

Manyan ƙungiyoyi sun gwada Senna a 1983, ciki har da Williams da McLaren da Brabham, amma babu wadda ta ba shi kujera. Ƙaramar ƙungiyar Toleman ce ta ɗauke shi a 1984. Makinsa na farko a Afirka ta Kudu ya same shi, a filin Kyalami, inda ya zo na shida.

Sai Monako, ranar 3 ga Yuni, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ya tashi daga gurbi na 13 a motar da ba a lissafa ta cikin masu ci. Ya riƙa wuce manya ɗaya bayan ɗaya, har da Niki Lauda, ya koma na biyu yana cin tazarar Prost da daƙiƙoƙi a kowane zagaye. Bayan zagaye 31 aka tsayar da tseren saboda ruwan, aka bai wa Prost nasara. Senna ya ɗauka an yi masa fashi. Masu ba da labarin sukan manta cewa a bayansa akwai Stefan Bellof na Jamus, wanda shi ma yake cin tazarar su biyun. Gaba da gabanta.

Wata guda bayan haka, a titunan Dallas ta Amurka, ya goga bango ya fita daga tsere. Ya dawo ya shaida wa injiniyansa, Pat Symonds, cewa ba kuskurensa ba ne, bangon ne ya matsa. Kowa ya ɗauka uzurin direba ne. Saboda nacinsa suka taka zuwa wurin bayan an tashi, sai suka tarar wata mota ta daki ƙarshen tubalin simintin, ɗaya gefen ya turo cikin titi da 'yan milimitoci. Symonds ya sha ba da wannan labari. Ma'anarsa ita ce a kowane zagaye Senna yana wuce bangon ne da tazarar da ba ta kai kaurin yatsa ba, kuma da saninsa.

A 1985 ya koma Lotus, ya ci nasararsa ta farko a Estoril ta Fotugal, nan ma cikin ruwa. A Yunin 1986, kwana ɗaya bayan Faransa ta fitar da Birazil daga gasar cin kofin duniya a Meziko, ya ci tseren titunan Detroit. Ya tsaya ya karɓi tutar Birazil daga hannun wani ɗan kallo, ya zagaya da ita. Daga ranar ta zama al'adarsa, kuma tana cikin abin da ya sa 'yan ƙasarsa, waɗanda ke fama da hauhawar farashi da rikicin siyasa, suka mayar da safiyar Lahadi lokacin kallonsa.

Monako ta ɗaga shi, ta kuma kunyata shi

A 1988 ya haɗu da Prost a McLaren, ƙungiyar da ta ci tsere 15 cikin 16 a shekarar. A gwajin neman gurbi a Monako, Senna ya fi Prost sauri da kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, a mota iri ɗaya. A wannan sana'a da ake rabuwa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wannan tazara ce mai ban tsoro, kuma Prost a lokacin zakaran duniya ne har sau biyu.

Ranar tseren yana gaba da kusan daƙiƙa 50, saura zagaye 12, aka ce masa ta rediyo ya sassauta. Da ya sassauta sai hankalinsa ya rabu, ya daki shinge a kwanar Portier. Bai koma wurin ƙungiyarsa ba. Ya taka zuwa gidansa da ke kusa ya kulle kansa, sai da dare aka ji ɗuriyarsa. Daga baya ya danganta ƙara riƙon addininsa da wannan rana, domin mutum ne mai yawan karanta Baibul.

Bai sake faɗuwa a Monako ba. Ya ci biyar a jere daga 1989 zuwa 1993. A 1992 Nigel Mansell, da motar da ta fi tasa gudu da sababbin tayoyi, ya manne masa a zagayen ƙarshe yana leƙo ta dama da hagu, Senna ya toshe kowace kafa har layi. Idan aka haɗa da nasararsa ta 1987, shida ke nan, ya wuce biyar ɗin Graham Hill. Har yau babu wanda ya kamo shi.

Ya ci kambun duniya a 1988 da 1990 da 1991. Na 1990 yana da tabo. Shekara guda kafin nan, shi da Prost sun yi karo a Suzuka ta Japan, aka soke nasarar Senna, Prost ya ɗauki kambu. Da suka dawo filin a 1990, Senna ya afka wa motar Prost a kwanar farko cikin matsanancin gudu, dukansu suka fita, kambu ya zama nasa. Bayan shekara ɗaya ya amsa cewa da niyya ya ƙi ɗaga ƙafa. Masoyansa sukan kawo zaluncin da suke ganin an yi masa a 1989, amma babu uzurin da zai wanke wannan: ya jefa ransa da na wani, da na direbobi fiye da 20 da ke tafe a bayansu, cikin haɗari don ramuwa.

Mutumin nan dai shi ne wanda a 1992, a filin Spa na Beljiyam, ya tsayar da motarsa ya ruga a ƙafa cikin titi domin kashe injin motar Erik Comas, wanda ya suma bayan haɗari. Kuma sai bayan rasuwarsa aka san yawan kuɗin da yake bayarwa a ɓoye domin yaran talakawa a Birazil.

Nasararsa ta ƙarshe a titi ta zo, a Adelaide ta Ostireliya, ranar 7 ga Nuwamban 1993. Ranar ce Prost ya yi tserensa na ƙarshe. A kan dandamalin karɓar kofi Senna ya jawo hannunsa ya tsayar da shi kusa da shi a matakin farko.

Imola

A 1994 ya koma Williams, daidai lokacin da aka haramta na'urorin lantarki da suka sa motar ƙungiyar ta gagari kowa. Motar ta zama mai wuyar sarrafawa. Ya samu gurbin farko a tsere biyu na farkon kakar, bai kammala ko ɗaya ba.

Na uku shi ne na Imola. Ranar Juma'a ɗan ƙasarsa Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari ya tsira. Ranar Asabar Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya ya mutu a gwajin neman gurbi. Likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, wanda amininsa ne, ya ba shi shawarar ya ajiye tuƙi haka nan, tunda babu abin da ya rage bai ci ba. Senna bai karɓa ba.

Ranar Lahadi 1 ga Mayu, a zagaye na bakwai, yana kan gaba Schumacher na biye, motarsa ta ƙi shan kwanar Tamburello ta miƙe. Ya taka birki, amma ya daki bangon siminti da gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a. Tayar gaba ta dama da ƙarfen da ke riƙe da ita suka same shi a kai, ƙarfen ya huda hular kwanonsa. An sanar da rasuwarsa da yamma a wani asibiti a Bologna, yana da shekara 34. A cikin motar an samu tutar Ostiriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa domin Ratzenberger.

An shafe shekaru ana shari'a a Italiya. Hukuncin ƙarshe a 2007 ya ɗora abin a kan karyewar sandar sitiyari da aka yi wa gyara, amma ba a hukunta kowa ba saboda wa'adin tuhumar ya wuce.

Gwamnatin Birazil ta ayyana makokin kwana uku, jama'a suka cika titunan Sao Paulo har zuwa maƙabartar Morumbi, Prost na cikin masu rakiyar akwatin. A watan Yuli, da Birazil ta ci kofin duniya a Amurka, 'yan wasan sun ɗaga ƙyalle mai sunansa a fili. Kafin ƙarshen shekarar yayarsa Viviane ta kafa gidauniyar Instituto Ayrton Senna, wadda ke aikin ilimin yara har yanzu. An sauya fasalin motoci da filaye, ciki har da kwanar Tamburello, kuma sai bayan shekara 20 aka sake yin haɗarin da ya ci ran direba a tseren Formula 1, wato na Jules Bianchi a Suzuka a 2014.

Tseren da ya biyo bayan Imola, mako biyu tsakani, na Monako ne. Masu shirya gasar sun bar gurabe biyu na sahun gaba babu kowa, aka zana tutar Birazil a ɗaya, ta Ostiriya a ɗayan. Schumacher da Hakkinen, yaran nan biyu da suka yi karo a Makau shekara huɗu kafin nan, su ne suka tashi daga bayan tutocin.